Safar Injiniya Zubairu

Duk faɗin unguwar Wadata ta Yamai babu wanda zai iya gaya maka ranar da Zubairu ya zama injiniya. Abin da aka sani dai shi ne ya bar Yamai da jaka ɗaya ya nufi Kwatano, ya yi wata bakwai, ya dawo da jakar nan tasa, sai ƙarin turnabis, wato sukudireba, mai jar ƙota, da takalmi sau-ciki, da safa ja wur. Waɗanda suka gan shi a can sun ce aikinsa goge ƙurar motocin da ake saukewa daga jirgin ruwa ne kafin masu saye su iso. Shi kuwa in ya zauna a fada, wurin shan shayin 'yan unguwa a bakin titi, cewa yake yi injin da bai taɓa buɗewa ba a duniya sai na jirgin sama, shi ma don ba a ba shi tsani ba ne.

Safar nan ita ce takardar shaidarsa. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da kwalta ke kama ƙasan takalmi, ba ya fita sai da ita, wai ma'aikacin ƙarfe na gaske ba ya barin yatsunsa a waje kamar mai tallar tumatir. Matarsa Ladi ta ɗinke dunduniyoyinta sau uku da koren zare, don shi kaɗai ne zaren da ke cikin gwangwaninta.

Abu ɗaya Zubairu yake nema a duniya: makullin motar Hajiya Balkisa, mai sayar da atamfa a kasuwar Wadata. Motar tsohuwa ce 'yar Kwatano, wadda ta gama tsufanta a ƙasar Turawa kafin ta zo Nijar ta soma wani sabon tsufan. Direbanta Baba Boubacar ne, wani dattijon Bazabarme da ya shekara goma sha huɗu yana jan ta, wanda a yini guda da wuya ka ji kalma ashirin daga bakinsa. Da wannan makulli yake ciyar da gidansa. Zubairu kuwa ba abin da yake hangowa sai ranar da zai wuce ta gaban fada da gwiwar hannu a waje ta taga, ya danna ham sau biyu.

Wata rana da la'asar Baba Boubacar ya tsaya wurin Jamilu, mai sayar da isansi, wato man fetur, a kwalabe a bakin hanya, ya ce a zuba masa uku, ya tsallaka masallaci. Jamilu ya ɗauko mazurarinsa mai tsumma a baki ke nan sai ga Zubairu.

"Tsaya, tsaya! Da wanga tsumma za ka tace wa Hajiya isansi? Wanga ai raƙumi ma sai ya wuce ta cikinsa."

"Shekara shida nake tacewa da shi, injiniya, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙara."

"Ina za su dawo, motocinsu sun mutu a hanya? Matsa ka ga yadda ake yi a Kwatano."

Ya tuɓe takalmin dama, ya zare safa, ya zura ta a bakin tanki kamar aljihu. Ya riƙe bakinta da yatsu biyu na hagu, ya soma tuttula mai da dama. Jamilu ya girgiza kai ya juya wajen wani mai saye. Kwalba ta farko ta shige lafiya. Ana cikin ta biyu sai wani ya wuce a kan babur ya ɗaga murya, "Injiniya!" Zubairu kuwa ba a taɓa kiran sa da wannan suna ya ƙi ɗaga hannu ba. Ya ɗaga na hagu.

Da ya waiwayo, babu safa babu alamarta. Ya leƙa, ya zura yatsa, ya zura turnabis, sai ma ya ƙara tura ta ciki. Ya dubi gabas ya dubi yamma, ya juye sauran man, ya murɗa murfi, ya mai da ƙafarsa tsirara cikin takalmi. A ransa ya ce man da ke cin fenti, safa mece ce a wurinsa? Kafin gobe ta narke. Kafin ya kai gida ma ya riga ya gaskata kansa.

Ladi ce ta fara lura.

"Baban Huda, ina ɗayar safar?"

"Na tuɓe a ƙofar ɗaki zan yi alwala, na waiwaya ban gan ta ba."

Bai ce akuya ba. Amma ya dubi turken akuyar Saratu, maƙwabciyarsu da suke gidan haya ɗaya, ya daɗe yana duba. Wannan ya isa. Ladi ta ci ɗamara ta fita tsakar gida, Saratu ta fito ta rantse akuyarta dusa take ci da ɓawon kankana, ba ƙazantar ƙafar wani ba. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Washegari Zubairu ya fito fada da jar safa a hagu, baƙa a dama. Da aka soma yi masa dariya sai ya ce, "Ku da ba ku san aiki ba. Ku buɗe kowace mota ku dubi batir. Waya ɗaya ja, ɗaya baƙa."

Bayan kwana takwas motar Hajiya ta kamu da wani ciwo mai ban haushi. Tana cikin tafiyarta lafiya lau sai ta soma shaƙuwa, a taka ta ta ƙi, ta yi ta ja da ƙyar, wani lokaci ta mutu ɗungurum. A bar ta minti biyar a murɗa makulli, ta tashi garau kamar ba ita ba. Yau ta yi, gobe ba ta yi ba, jibi ta yi sau uku. Ranar Talatar da ta mutu a tsakiyar Kalley, 'yan tasi na zagi, masu tura na zagi, Hajiya ta dawo kanti a ƙafa idonta jajur. Zubairu na tsaye a bakin kantin yana jiran ta.

"Hajiya, ba don kar a ce na shiga tsakani ba, da tuni na yi magana. Motar nan tana da ɗan abin da sai mai ilimi zai gane. Amma rabin ciwon a ƙafar direba yake. Tsufa ne, ƙafa na rawa a kan totur."

Baba Boubacar, da ya iso bayan ya samu motar ta tashi, ya ce, "Hajiya, in tanki na cike, ba ta yi. In isansi ya yi ƙasa, tana yi. In na kashe ta, ta huta, ta tashi. A duba tanki."

Kalmominsa na ranar ke nan ya ƙarar gaba ɗaya, har ya taɓa na gobe.

Zubairu ya yi dariya har da dafa bango. "Tanki! Hajiya kin ji ko? Mutum na tari a ƙirji, shi wai a duba masa dunduniya! Tanki randa ce kawai, Baba. Randa ba ta ciwo."

Ko safar ta faɗo masa a rai? Ta faɗo, sau ɗaya, ya kore ta kamar ƙuda. Ai ta narke.

Hajiya ta share gumi da bakin mayafi ta ce, "Asabar sunan jikata a Saga. Dangin mijin 'yata duk za su taru, ba zan shiga garin mutane ana tura ni ba. Boubacar, ba shi makulli. Kai kuma Zubairu, in ka kai ni Saga ba ta yi tari ba, makulli ya zama naka."

Baba Boubacar ya miƙa makullin da hannu biyu, ya ce, "Kala suru," wato sai haƙuri, ya koma kan benci ya zauna ya zuba wa ƙasa ido. Abin ya ba kowa tausayi, ban da wanda ya karɓa. Shi igiya ya nema, ya zura makullin ya rataya a wuya, a kan riga ba a ciki ba, don kada wani ya wuce bai gani ba.

Ranar Laraba ya kai motar gaban fada, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, inda 'yan kallo suka fi yawa. Ya buɗe murfin inji, ya ɗora bakin turnabis a kan ƙarfe, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido.

"Shiru! Tana magana."

"Mi ta ce?" in ji Faruk, mai dafa shayin fada.

"Buji na uku ya gaji."

Ya kwance bujin, wato fulogi, duka huɗu, ya goge su da yashi, ya mayar, ya cusa wayoyinsu yadda ransa ya ga dama. Ya shiga ya murɗa makulli. Tau! Wuta ta fito ta bututun hayaƙi. Kafin ka ce me, fada ta watse. Faruk ya tsallake kaskon gawayi, butar shayi ta gangara kwata, telan da ke tsallaken titi ya shige ƙarƙashin kekensa.

"Ku dawo, matsorata! Datti ne ke fita."

Ya tafi wanke hannu. Baba Boubacar, da ya biyo motar kamar mai jinyar ɗa, ya tashi a hankali, ya sauya wa wayoyi biyu wuri, ya koma ya zauna. Zubairu ya dawo ya murɗa, mota ta tashi.

"Kun gani? Hannu ne, ba a saye a kasuwa."

Ya zaga unguwa sau biyu tana gudu lafiya, don kuwa ta huta. A zagaye na uku, daidai gaban fada, gwiwar hannu a waje, yatsa a kan ham, ta yi shaƙuwa biyu ta mutu. Waɗanda ya ce wa matsorata su suka tura shi gefen hanya.

Ranar Alhamis ya ce dama buji share fage ne, asalin ciwon yana cikin karbireta, wato abin da ke gauraya mai da iska. Ya ciro ta ya kai gida, ya warwatsa ta a kan babban tiren Ladi na kai abincin biki. Yana can yana hura wani ɗan rami kumatu a kumbure, akuyar Saratu ta tsinke igiya ta lallaɓo ta ɗauki takardar da ke shiga tsakanin ƙarafan biyu don hana yoyo, ta tauna ta haɗiye. Wannan karon dai ta ci da gaske.

"Kin gani!" in ji Ladi. "Ɓarauniya! Ido da ido!"

"Takarda ce ta ci, ba safa ba! Wa ya ce a yi gareji a tsakar gidan mutane?"

Zubairu ya yanka wata takardar daga kwalin shayi, ya harhaɗa komai ya mayar. Da ya gama, ƙananan kusoshi uku da wata 'yar waya mai lanƙwasa suka rage a kan tire.

"Waɗanga fa?" in ji Faruk.

"Turawa ke sa su saboda sanyi. Nan ƙasar zafi ce."

Ya zuba su a aljihu. Mota ta tashi, sai dai yanzu ta ƙara da baƙin hayaƙi. Ta kai bakin kasuwa ta mutu.

Ranar Juma'a da hantsi ya sanar da fada cewa ya gano bakin zaren: motar ba ta samun numfashi ta baya. Ya ari zarto ya kwanta a ƙasa ya datse tukunyar bututun hayaƙi. Da ya tayar da ita, kajin unguwa suka haye katanga, jarirai suka farka har layi na uku, ladan ya aiko a roƙe shi don Allah ya bari a sauko daga masallaci. Aka sauko, ya ja ta da rugugi kamar hadarin gabas, ta yi layi huɗu ta mutu. Shirun da ya biyo baya har daɗi ya yi wa mutane.

Wani mai kunya da nan ya tsaya. Zubairu kuwa ya zagaya motar sau uku hannu a baya, ya tsaya ya buga cinya.

"Nauyi! Nauyi ne ya dame ta! Tsohuwa ce, an ɗora mata kaya."

Ya sauke tayar ajiya, ya sauke jak, ya kwance kujerar baya ɗungurum ya jingine ta a zauren Hajiya. Ya je wurin Jamilu ya ce kwalba biyu kacal za a zuba, don mai ma nauyi ne.

"Cika tanki," in ji Baba Boubacar daga bayansa.

"Baba, zamaninku ya wuce. Ka je ka huta."

Asabar da hantsi Hajiya ta fito cikin shadda mai ruwan zuma, turare na tashi, ta leƙa bayan mota ta tsaya cak.

"Zubairu, ina kujerata?"

"Nauyi ce, Hajiya. Na shimfiɗa tabarma, ta fi lafiya ga baya."

Lokaci ya ƙure, ba damar faɗa. Hajiya ta shiga gaba. Ladi da Saratu, da ta gayyata ba tare da ta san rikicin akuya ba, suka zauna a kan tabarma kowacce ta juya wa 'yar'uwarta ƙeya. Hajiya ta ce Baba Boubacar ma ya shigo, ko don riƙe tukunyar dambu.

"Ya zo," in ji Zubairu. "Ya ga yadda ake tuƙi."

Dattijon ya takure a kusurwa da tukunya a cinya. Inda aka cire kujerar, a gefen tabarma, akwai wani zagayayyen murfi mai kusoshi shida, wanda ke buɗewa kai tsaye cikin tanki. Tun da suka tashi idonsa na kansa.

Suka fita Wadata da rugugi, mutane na toshe kunne. Suka wuce Gamkalle lafiya, Zubairu na ba Hajiya labarin wani Bature da ya yi kuka ranar da zai bar Kwatano. Da suka miƙi hanyar Saga suka tarar da wani mai amalanken jaki ya yi lodin ciyawa. Zubairu ya danna masa ham, ya leƙo ta taga.

"Kauce, mai injin kunnuwa!"

Ya wuce shi da hayaƙi. Ba su yi nisa ba mota ta yi shaƙuwa, ta yi ta biyu, ta mutu.

"Wannan ba tari ba ne, Hajiya," in ji shi da sauri. "Gyaran murya ne."

Ya fita ya buɗe murfin inji yana ƙwanƙwasa duk ƙarfen da ya gani. Amalanke ya iso, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Sannu da aiki, mai injin ƙarfe," in ji mai jaki. Ya wuce.

Mota ta huta, ta tashi. Zubairu ya sake cim masa, ya sake danna ham, ya wuce. Ta sake mutuwa, wannan karon tun ana iya jin ƙarar kofaton jakin.

"Saga za ku?" in ji mai jaki da ya iso. "Gidan suna? Ni ma can zan kai wa raguna ciyawa. In ce musu kuna tafe, ko in ce su ajiye muku na dare?"

Saratu ta tuntsire da dariya. Ladi ta so ta yi fushi, dariyar ta kuɓuce mata ita ma, ta toshe baki da mayafi. Hajiya kuwa sai fifita take yi da ƙarfi.

A karo na uku Zubairu bai danna ham ba. Bai ma samu damar wucewa ba, don jakin ya riga ya yi musu nisa. Haka suka yi ta yi, tafiya kaɗan hutu mai yawa, har fadamun shinkafa suka bayyana kore shar a gefen kogi. Mai jaki kuwa ya isa tun tuni ya ba da labari, saboda haka da aka jiyo rugugin, duk wanda ke ƙarƙashin rumfar suna ya fito bakin hanya: manoman shinkafa dangin uban jaririya, mata cikin anko, maroƙa da gangunansu. Mota ta taho tana hayaƙi, maroƙa suka soma wasa Hajiya, saura taku arba'in a kai rumfa ta yi wata doguwar shaƙuwa ta mutu. Gangunan ma suka yi shiru.

"Ba komai, jama'a!" Zubairu ya fito yana ɗaga turnabis. "Yanzu za ku ga aikin Kwatano."

Ya buɗe murfi, ya zare tiyon da ke kawo mai daga tanki, ya kafa baki ya zuƙa. Ba abin da ya zo. Ya ja numfashi ya sake zuƙa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Sai ga mai ya taho masa da ƙarfi ya cika baki har hanci. Ya durƙusa yana tari yana tofarwa, ya ji wani abu ya maƙale masa a haƙori. Ya sa yatsa ya zaro. Zare ne, ja wur.

Nan take ya gane zaren. Ya yar da zaren ya take shi da takalmi.

Baba Boubacar ya ajiye tukunyar dambu ya fito. Ya zo gaban Zubairu ya miƙa hannu.

"Turnabis."

"Na me?"

"Tanki."

"Kai! Kada a taɓa tanki! Jama'a ku ja da baya, fashewa zai yi! A Kwatano na ga wanda ya buɗe tanki da rana, har yau ba a ga hularsa ba!"

Mutane suka ɗan ja da baya. Hajiya ta buɗe ƙofa ta fito, ta gyara mayafi, ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Ba shi."

Ya ba shi. Dattijon ya ce masu taba da masu kaskon shayi su yi nisa, ya naɗe tabarma, ya kwance kusoshi shida ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan murfin tukunya. Ya karɓi wata waya daga hannun wani manomi, ya lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, ya zura cikin tanki yana lalube. Jama'a suka manta da fashewa suka matso suka kewaye motar.

Zubairu ya ga ido ya bar kansa. Ya lallaɓa bayan mota, ya tuɓe takalmin hagu, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kokawa da jar safar da ta rage. Gumi ya sa ta manne masa, ta ƙi fita.

Baba Boubacar ya ɗago wayar a hankali. Wani abu ja ya biyo ta yana ɗigar da mai.

"Ɓera ne!" in ji wata.

"Ɓera ja? Tattasai ne."

"Asiri ne aka yi wa Hajiya!"

Dattijon ya matse abin, ya warware shi, ya ɗaga sama. Safa ce, dunduniyarta ɗinke da koren zare.

"La! Ɗinkina ne!" Maganar ta fita daga bakin Ladi tun kafin ta yi tunani.

Saratu ta yi wani irin tsalle. "Akuyata! Sati uku ana zagin akuyata! Ku shaida, jama'a, akuyata ce ta tuƙa mota ta kai safa cikin tanki?"

"Ga abin," in ji Baba Boubacar. Kuma ranar nan ya yi magana mai tsawo. "Tana yawo cikin isansi. In inji ya ja da ƙarfi, ya jawo ta, ta toshe bakin tiyo. In an kashe, ta saki. In tanki na cike, tana sama, ba ta kai ba."

Ko manoman da ba su taɓa riƙe sitiyari ba sai da suka gyaɗa kai. Sannan kowa ya soma tambayar ina mai safar. Aka zagaya bayan mota aka same shi tsaye da ƙafa ɗaya, takalmi a gefe, 'yar'uwar safar a hannunsa, ja wur, da koren ɗinki a dunduniya.

Wani da nan ya nemi gafara. Zubairu ya gyara murya.

"To, tunda kun gano, ni na sa ta. Matatar mai ce ta cikin tanki, sabuwar fasaha. A Kwatano duk manyan motoci..."

Dariyar da ta ɓarke ba ta bar shi ya ƙarasa ba. Wani tsoho ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, maroƙa suka sake ɗaukar ganga, wannan karon da sunan injiniya mai safa. Ladi ta kama hannun Saratu ta ce, "Yaya Saratu, ki yafe mini, ki kuma ba akuyar haƙuri," suka wuce rumfa tare ba wadda ta waiwaye shi.

Hajiya ta miƙa hannu. Zubairu ya ciro igiyar daga wuyansa. Ta kwance makullin da kanta, ta juya ga dattijon.

"Baba, na yi maka rashin adalci. Ka yafe ni."

Shekara goma sha huɗu ba ta taɓa ce masa Baba ba sai ranar. Ya karɓa da hannu biyu kamar yadda ya bayar. Igiyar kuwa ta mayar wa Zubairu, ta ce wannan tasa ce.

Baba Boubacar ya rufe murfin, ya mai da tiyo, ya karɓi kusoshi ukun nan da 'yar wayar daga aljihun Zubairu ya mai da kowanne gurbinsa. Ya sa aka samo mai a bakin hanya aka cika tanki. Ya murɗa makulli sau ɗaya, ya kai Hajiya taku arba'in ɗin da suka rage har bakin rumfa.

Zubairu ya yini a gindin wata bishiya shi kaɗai, don duk inda ya matsa sai a ce ya yi nisa da wuta, warin mai yake yi. Da la'asar sakaliya aka fito za a koma. Hajiya ta shiga gaba, Ladi da Saratu suka hau tabarma suna hira. Zubairu ya taho sumui-sumui ya kama hannun ƙofar baya. Baba Boubacar ya leƙo ta taga, gwiwar hannu a waje.

"Injiniya, ka ce nauyi ne ya dame ta."

"To, ai wannan..."

"Hajiya ta ce a rage."

Ya danna ham sau biyu. Motar ta hau kwalta ta miƙi hanyar Yamai, ana jin rugugin ta har ta ɓace, ko sau ɗaya ba ta yi tari ba.

Zubairu ya tsaya a bakin hanya da igiya a wuya, safa ɗaya busasshiya a hannun hagu, ɗaya jiƙaƙƙiya a dama. Can sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bayansa. Mai jaki ne, ya sauke ciyawarsa zai koma gari.

"Hau, injiniya," in ji shi. "Amma don Allah kada ka taɓa mini jakin. Lafiyarsa lau."